Kawu, ka hana Alhaji sayen kwabar nan

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da yaran shago.

Kwabar nan mai adon tagulla da Alhajinka ya gani a hoto yake so a sayo masa, na je na duba. Nan Faransa aikin Boulle ake ce wa irinta, sunan André-Charles Boulle ne, kafintan Sarki Louis na 14. Shi Boulle ɗin ya rasu a 1732. Nasa na hannu akwai su a wurare irin su gidan tarihi na Louvre da fadar Versailles, kallo kawai. Waɗanda ke kasuwar tsofaffin kaya ta Saint-Ouen, arewa da Paris, yawanci kwaikwayo ne na zamanin Napoleon na 3, tsakanin 1852 da 1870. Su ma ɗin ba na talaka ba ne.

Dabarar za ta burge ka. Fallen tagulla suke mannawa a kan fallen ƙoƙon bayan kunkurun teku, su zana furanni, su bi da siririn zarto su yanke biyun lokaci guda. In an raba su, tagullar ta shige gurbin ƙoƙon, ƙoƙon ya shige gurbin tagullar. Yanka ɗaya ya ba su fuskar kwaba biyu, kowacce akasin 'yar'uwarta, ba abin da ya tafi a banza.

Dillalin, tun ban tambaya ba, ya nuna mini gefen ƙofa inda tagulla ta ɗago, ya ce zai rubuta a rasit zamanin kwabar da gyaran da aka taɓa yi mata. Mai gyara kuwa ba ya taɓa kayanka sai ya ba ka farashin aikin a rubuce ka sa hannu. Har makaranta gare su, École Boulle, tun 1886. Mu da kwabar uwa ta tsufa sai ta koma ajiyar tukwane a kicin.

Duk da haka kar ya saya. Da gam ɗin fata ko na kifi aka manna adon, kuma katako yana motsi in iska ta bushe, tagulla ba ta binsa. Hunturun Zinder zai ɗaɗɗago ta, ga shi ba mai mayarwa a can. Sannan yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare namun daji, ta hana cinikin ƙoƙon kunkurun teku tsakanin ƙasashe, tsohon kaya ma sai da takardu yake fita.

Zan turo maka hotunan zanen daga kusa. Ka gwada da farin katako da baƙi, zarton ne kawai sai ka nemi siriri.