Audugar gilas a saman silin: abin da na gani bayan bazara biyu a Gombe

Gidana a Tumfure yake, ginin bulo, rufin kwano, silin na roba. Shekarar da muka tare, watan Maris na kamawa ɗakunan suka koma tanderu. Wanda ya san Gombe ya san Maris da Afrilu, zafi kan kai digiri 40 a inuwa, shi kuwa kwanon da rana ke duka yakan haura 60. In ka kunna fanka, huci kawai take kaɗo maka. Amma abin da ya tayar min da hankali Inna ce. Ta baro soronta a ƙauye ta zo jinyar ƙafa, kwana uku ba ta runtsa ba. Da asuba na same ta a tsakar gida kan tabarma, ta jiƙa zani ta lulluɓa. Ta ce, "Ɗan nan, gidan nan naka da rana yake kwana."

Gaskiyarta. Soron azara da ƙasa mai kauri jinkirta zafi yake yi, kafin ya ratso rana ta faɗi. Kwano kuwa yana ɗauka yake sakowa, ya tara shi tsakaninsa da silin, silin ya sauke wa mutane.

Da na shiga neman abin da zai tare zafin, abu uku na tarar a wurin masu kayan gini: takardar alminiyam mai ƙyalli, farin soso irin wanda ake tokare firji da shi a kwali, sai audugar gilas da ke zuwa a nannaɗe kamar katifa.

Takardar na fara saya saboda ta fi araha. Mai shago ya ce tana mayar da kusan kashi 95 cikin 100 na hucin da ke faɗo mata, kuma bai yi ƙarya ba. Sai dai da sharaɗi: fuskar mai ƙyalli ta kasance tas, kuma ta samu sarari na iska, ko da inci ɗaya ne. Kafintan da na sa ya shimfiɗa ta ne kawai a kan silin, ƙyallin na kallon sama. Bazarar farko an ɗan samu sauƙi. Da hunturu ya zo ya wuce, na hau da tocila na duba, ƙura ta yi mata bargo, sai da na shafa da yatsa sannan ƙyallin ya fito. Aikinta ya ƙare ke nan. Da a jikin katakon rufi aka kafe ta, ƙyallin na kallon ƙasa, da ƙura ba ta zauna mata ba. Wannan kuɗi har yau yana min ciwo.

Farin soson ban ko taya ba. Wayoyin wuta a saman silin suke bi, shi kuma da ya ji wuta narkewa yake yi da baƙin hayaƙi, ga ɓeraye na son sheƙa a ciki.

Audugar gilas ita ce ta biya min buƙata. Akwai mai kaurin milimita 50, akwai mai 100. Ɗakunan kwana na sa musu mai 100, falo mai 50 don aljihu ya gaza, kuma bambancin ana jin sa a jiki. Sirrinta iskar da ke maƙale a cikin zaren, ita ke hana zafi wucewa, shi ya sa ba a danne ta. Kafinta na biyu, dattijo ne, ya hana yaronsa takawa. Kafin ya ɗora ko ƙyalle, sai da ya bi kan kusoshi ya toshe yoyo. Ya ce, "Malam, in ta sha ruwa ta kwanta, ka yi asara, kuma nauyinta zai lotsa maka silin." Ya sa aka zura wayoyi cikin bututu, ya bar fili a kewayen kowane ƙwan fitila. Sannan ya huda kafa biyu a katangar da ke tsakanin silin da kwano, gabas da yamma, ya sa raga saboda jemagu, don iskar da ta yi zafi ta samu hanyar fita. Ban yarda da shi ba da farko, yanzu kuwa ina ganin kafofin nan sun yi rabin aikin.

Aibin audugar ƙaiƙayi. Yaron da ya ƙi sa safar hannu ya kwana yana susa. Duk wanda zai taɓa ta ya sa riga mai dogon hannu, da takunkumi, da tabarau, a kuma fitar da yara daga gidan ranar.

Yanzu da azahar in na ɗora tafin hannu a silin, ɗumi-ɗumi nake ji, ba ƙuna ba. Fankar sola ta wadatar da mu yawancin darare. Da damina ƙarar ruwa a kwano ta ragu har muna jin maganar juna, da sanyin Janairu kuma ɗakin yara ba ya yin ƙanƙara kamar da.

Amma kada a yaudari kowa, audugar ba ta sanyaya ɗaki, tare zafin sama kawai take yi. In ka kulle tagogi da dare, wanda ya riga ya shiga ma riƙe shi za ta yi. Katangar yamma kuwa ba ruwanta da ita, bulon nan yana shan rana daga la'asar, har bayan isha'i yana huci. Na dasa dogon yaro biyu a wajen, nesa kaɗan da tushen gini, ina jiran su tasa. Duk mai gini yanzu, ya sa audugar tun kafin a rufe silin, zai huta da kuɗin ɓallewa da mayarwa da na biya.

Inna ta dawo a Afrilun bana. Rana ta biyu ta kwanta bayan azahar, sai da aka kira la'asar jikarta ta shiga ta tashe ta.