Digiri na biyu a yaɗuwar cututtuka ko a ƙididdigar lafiya: wanne ya dace da kai?

Sau da yawa fannonin nan biyu a tsangaya ɗaya suke, shi ya sa masu neman gurbi ke ɗaukarsu Ɗanjuma da Ɗanjummai. Aikinsu ya bambanta. Masanin yaɗuwar cututtuka shi ke tsara bincike: wa ya kamu, yaushe, me ya sha ko ya shaƙa wanda masu lafiya ba su taɓa ba. Masanin ƙididdiga kuwa shi ke auna ko bambancin da aka gani na gaske ne ko dace ne kawai.

Kafin ka biya kuɗin fom, buɗe jerin kwasa-kwasan zangon farko. Ƙididdigar lafiya lissafi ce zalla a farkonta, kuma jami'o'i da yawa sai ka nuna ka yi kalkulas da aljabara a digiri na farko. Likita ko ma'aikacin jinya da ya yi sallama da lissafi tun sakandare, ni dai shawarata ya bi yaɗuwar cututtuka. Can ma akwai alƙaluma, sai dai na aiki ne: ka zauna gaban kwamfuta da bayanan marasa lafiya, wani an rubuta shekarunsa 250, wani an manta jinsinsa, ka gyara kafin ka fara nazari.

Sai batun nau'in digirin: MPH (digiri na biyu a lafiyar al'umma) ko MSc (digiri na biyu na kimiyya). MPH faɗi gare shi, yana taɓo tsare-tsare da gudanar da ayyukan lafiya. MSc ya fi nutsewa cikin hanyoyin bincike, kuma shi ne tsanin da ya fi kusa da digiri na uku. A Ingila shekara ɗaya ake yi, a Amurka galibi biyu, don haka lissafa kuɗin zama, ba na makaranta kaɗai ba. Wanda ba zai iya ajiye aiki ba, makarantar nazarin lafiyar al'umma da cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan (LSHTM), wadda aka kafa a 1899, tana koyar da yaɗuwar cututtuka ta intanet.

Mai son bin sawun annoba a fili ya duba FETP, shirin horo na shekara biyu kan binciken yaɗuwar cututtuka a fili, wanda aka kwaikwaya daga EIS, shirin horar da masu binciken annoba da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta fara a 1951. Yawancin lokacinsa a bakin aiki ake cinye shi, ba a aji ba.

Tambayi kuma wace manhajar kwamfuta ta nazarin alƙaluma ake koyarwa. R kyauta ce, Stata da SAS sai da lasisi, kuma lasisin ɗalibi yakan ƙare da an yaye ka.