Robar kare haƙori ga mai giɓi: wacce za ka saya?

Wanda uwargida ta ce masa ƙarar gurzar haƙoransa na hana ta barci, ko yake tashi da ciwon muƙamuƙi kamar ya kwana yana tauna ganda, likita zai ce ya riƙa kwana da robar kare haƙori. Sai dai idan haƙoran gaba sun fita, ko a hatsarin babur ne ko a filin ƙwallo, lissafin ya canza, domin robar nan ba manna ta ake yi ba, haƙora take kamawa ta zauna.

Wadda ake sayarwa a shirye, girma ɗaya ga kowa, ka manta da ita. Sai ka cije take tsayawa, mai barci kuwa ba ya cije komai da gangan.

Wadda ta fi jan hankalin mutane ita ce ta tsomawa a ruwan zafi, ta yi laushi, ka ciza ta ɗauki siffar bakinka. Arha gare ta, kuma mai cikakkun haƙora zai iya lallaɓawa da ita. Mai giɓi fa? Yana danna ta da yatsa sai ta lotsa cikin giɓin, ta yi siriri a daidai wurin da babu abin tallafa mata. Ko kuma ta cusa tsakanin haƙora biyun da ke gefen giɓin ta sandare, kullum da safe sai an fizge ta, ana jijjiga haƙoran da su kaɗai suka rage suna aikin gaba. Wasu ma laushin nata ƙara musu tauna yake yi, kamar an ba su cingam.

Ni dai kuɗina ga ta likita zai tafi, duk da tsadarta. Zai cika maka baki da wani kwaɓi mai sanyi ya ɗauki awo, a zuba siffar haƙoranka, sannan a ƙera roba mai tauri, kaurinta wajen milimita 2, wadda ta rufe haƙoran muƙamuƙi ɗaya gaba ɗaya ta haye giɓin kamar gada. Irin wannan ce ake kira ta Michigan, don a jami'ar Michigan ta Amurka aka tsara ta. Ranar karɓa kada ka yi gaggawa: zai sa ka ciji 'yar takarda mai launi, ya goge inda ya yi tudu har turame su sauka daidai. Robar da ba a yi wa wannan gyaran ba, rabin aiki ka saya. Ko ta sama za a yi ko ta ƙasa kuwa, yawan haƙoran da suka rage da ƙarfinsu ne zai nuna, kuma idan dasashi na jini ko haƙori na girgiɗi, shi za a fara magancewa.

Akwai wata 'yar ƙarama, NTI, da ke hawa haƙoran gaba kaɗai. Ina za ta zauna a bakin da babu su?

Abu biyu ka faɗa wa likita kafin awo. Idan kana sa haƙoran roba, cire su ake yi da dare, don haka a yi awon babu su. Idan kuma kana shirin dasa haƙori ko a yi maka gada (haƙorin roba da ake kafawa a jikin na gefen giɓin) nan kusa, tambayi ko ka jira, domin ana cike giɓin, robar na iya ƙin shiga, ka biya sau biyu.

Robar 'yan wasa daban ce: mai laushi, kaurin milimita 3 zuwa 4, don tare naushi. Kada ɗan dambe ya shiga fage da ta barci.

Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello suna da sashen haƙori, nan za ka iya fara tambaya. Idan ka samu, ruwan sanyi da buroshi ne wankinta. Ruwan zafi na lanƙwasa ta, haka ma barinta cikin mota a ranar watan Afrilu.