Wata uku ina sauraron WSM ta Nashville, ga abin da na gani

Jama'a ni dai tun ina yaro baban mu yana da kaset ɗin Don Williams da Jim Reeves a cikin motarsa, in za mu Zariya daga Kaduna su ake juyawa har mu isa, to shi ne kwanaki kewa ta kama ni na shiga neman tashar da ke sa irin waɗannan waƙoƙin kantiri na Amurka, na faɗa kan WSM da ke Nashville a jihar Tennessee. A can a mita 650 AM take, mu kuma ta intanet muke kamawa, kyauta, datarka ce kawai za ta ji a jikinta.

Abin da ya fara ba ni dariya, ashe ba mawaƙa ne suka kafa ta ba, kamfanin inshora ne wai shi National Life and Accident, ranar 5 ga Oktoba 1925. Har sunan ma daga kirarin kamfanin aka ciro shi, We Shield Millions, wato mu ne garkuwar miliyoyin mutane. Kun ga kenan talla ce tsagwaronta. Ma'aikatansu na bi gida-gida suna neman a yanki inshora, to in mai gida ya riga ya saba jin sunanka a rediyo kowane daren Asabar ai ba zai bar ka tsaye a ƙofa ba. Wallahi 'yan kasuwa ko'ina halinsu ɗaya.

Shirin da ya ɗaga tashar shi ne Grand Ole Opry. An fara shi 28 ga Nuwamba 1925, mai gabatar da shirin George D. Hay ya kawo wani dattijo ɗan shekara 77, Uncle Jimmy Thompson, ya zauna yana ta goga gogensa, sai 1927 shirin ya samu wannan sunan. Kuma har gobe ana yi, kai tsaye daga dandali, kana jin tafi da shewa, mai sanarwa yana karanta talla tsakanin mawaƙi da mawaƙi kamar zamanin da. Nan ne fa suka saye ni. Matsalar kawai agogo, ƙarfe 7 na yamma da ake fara shirin ranar Asabar a Nashville ƙarfe 1 na dare ne a wurinmu, in sun juya agogonsu lokacin sanyi ya zama 2, uwargida har ta gaji da ganina da iyafis a kunne ina gyangyaɗi. Ranar da natwok ya yi halinsa kuma sai haƙuri, wannan kam laifin layina ne.

A 1932 suka kai ƙarfin wat 50,000, suka kafa wani dogon ƙarfen eriya a Brentwood kusa da Nashville, mai faɗi a tsakiya da tsini sama da ƙasa, shi ya sa da daddare ake kama ta a jihohi da yawa. A yankin Brentwood ɗin nan ne kuma jirgin Jim Reeves ya faɗi a 1964, da na gano haka sai da jikina ya yi sanyi, na tuna baba.

Maganar masu ita kuwa, ta sha canza hannu. Kamfanin American General ya haɗiye masu inshorar a 1982, shi kuma ba ruwansa da kiɗa, a 1983 ya sayar wa kamfanin Gaylord da tashar. A 2002 aka so a mayar da ita tashar labarin wasanni, masu sauraro da mawaƙa suka ce ba su san zance ba, dole aka fasa. 'Yar'uwarta ta FM ce aka sayar wa kamfanin Cumulus a 2003. Gaylord ya koma Ryman Hospitality Properties a 2012, wato yanzu masu otal ne ke riƙe da ita, daga masu inshora zuwa masu ba da hayar ɗaki.

Shawarata, in sabbin waƙoƙi masu zafi kake nema ba lallai ta gamsar da kai ba, tsofaffin ne ƙarfinta, ga Turancin kudancin Amurka da suke ja kamar cingam sai ka kasa kunne sosai. Ni dai na ba ta 4 cikin 5, ɗayan ma baccina ne ya cinye. Asabar mai zuwa zan gwada yin ƙailula tukuna.