Cibiyar Sasanci ta Babbar Kotun Kano: Amfaninta ga Mai Bi da Inda Ƙarfinta Ya Tsaya

Da yawa daga cikin rigingimun da ake kai wa dattawan ikkilisiya a Kano na kuɗi ne. Ɗan'uwa ya ɗauki kaya bashi a Kasuwar Sabon Gari ya ƙi biya, adashen zumuntar mata ya watse, mai gida a Badawa ya riƙe ragowar kuɗin haya bayan ɗan haya ya tashi. Dattawa su zauna, a yi addu'a, a ɗauki alkawari, bayan wata uku a koma gidan jiya. Wanda aka cuta kuma yana jin nauyin shiga kotu saboda 1 Korantiyawa 6, inda Bulus ya tsawata wa masu bi a kan kai juna ƙara. Ga mai irin wannan damuwa, cibiyar sasanci ta Multi-Door (wato mai ƙofofi da yawa) da ke ƙarƙashin Babbar Kotun Jihar Kano ita ce wurin da zan fara nuna masa, amma da sharuɗɗa.

An buɗe ta Kano a 2009, bayan ta Legas da ta fara aiki a 2002. Tunanin ya samo asali daga wani malamin shari'a na Jami'ar Harvard a Amurka, Frank Sander, wanda ya kawo shawara a 1976 cewa gidan shari'a ya kasance da ƙofofi da yawa, kowace rigima a tura ta ƙofar da ta dace da ita. Ƙofar da ta fi shafar talaka ita ce sasanci, inda mai shiga tsakani yake taimaka muku ku cimma matsaya da bakinku, shi ba ya yanke hukunci. Akwai kuma ƙofar da kuke amincewa wani ya saurare ku ya yanke, hukuncinsa ya hau kanku. Kada ka sa hannu a takardar shiga sai ka tabbatar wace ƙofa aka rubuta maka, domin ta biyun da wuya a warware abin da ta yanke.

Hanyar shiga biyu ce: ko alƙalin da ƙararku take gabansa ya turo ku, ko ka je da ƙafarka tun ba a shigar da ƙara ba. Za ka cike takardar neman sasanci, ka rubuta taƙaitaccen bayanin rigimar da abin da kake nema, ka haɗa da kwafin hujjojinka: rasit, yarjejeniyar haya, bayanin asusun banki da ke nuna ranar da ka tura kuɗi, saƙonnin WhatsApp da aka buga a takarda. Na asalin ka riƙe su a hannunka. Cibiyar ce za ta aika wa ɗaya ɓangaren gayyata. Ana biyan kuɗin rajista da na zama. Ka nemi ganin jadawalin kuɗin, ka kuma karɓi rasit.

A ranar zama, ɗaki ne da tebur, babu akwatin shaida, babu 'yan kallo. Kowa ya faɗi nasa ba a katse shi, sannan mai sasanci ya keɓe da kowane ɓangare shi kaɗai. A wannan keɓewar ake yin rabin aikin. Mutumin da ya rantse a gaban jama'a cewa ba a binsa ko kwabo, in aka rufe ƙofa sai ya ce shagonsa ne ya karye, kunya ce ta hana shi faɗa. Abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne, ba a ɗaukarsa a kafa hujja da shi a kotu in sasancin ya rushe, kuma Dokar Sulhu da Sasanci ta Tarayya ta 2023 ta ƙarfafa wannan. Ga mai tsoron kada sunan ikkilisiya ya ɓaci a bainar jama'a, wannan babbar riba ce. Tsarin ya yi kusa da Matiyu 18:15-17, inda aka ce ka fara samun ɗan'uwanka ku biyu, sannan ka ƙara da mutum ɗaya ko biyu. Ya yi kusa kuma da Matiyu 5:25, a shirya da abokin shari'a tun ana hanya.

Abin da cibiyar ta fi zaman dattawa da shi guda ɗaya ne, kuma shi ne dalilin zuwa. In kun daidaita, ana rubuta sharuɗɗan, ku sa hannu, a kai wa alƙalin Babbar Kotu ya amince da su, su zama hukuncin kotu bisa yardar ɓangarorin biyu. Daga nan wanda ya saɓa ana iya kama kayansa ko a riƙe kuɗinsa na banki ba tare da an sake shari'a daga farko ba. Takardar da sakataren ikkilisiya ya rubuta hujja ce mai amfani, amma ba ta da wannan ƙarfin.

A wurin rubuta sharuɗɗan nan mutanenmu suka fi yin asara. A ɗauka bashin naira 1,200,000 ne. In aka rubuta “ya amince zai biya da zarar Allah ya hore masa”, an tashi a tutar babu, domin ba ma'aikacin kotun da zai iya aiwatar da wannan. Yadda ya kamata a rubuta: zai biya naira 300,000 ranar sa hannu, sauran naira 900,000 kuma a biya shida, naira 150,000 ranar biyar ga kowane wata, cikin asusu kaza, in ya tsallake biya ɗaya da kwana goma sha huɗu, ragowar duka ta zama abin biya nan take. In an yafe masa wani kaso, a rubuta cewa yafewar tana tsayawa ne in ya cika sauran. In kamfani ne ko ƙungiya, a tabbatar wanda ya zo yana da takardar izinin sa hannu, don sau da yawa ana turo yaron shago a wuni ana magana, a ƙarshe ya ce sai ya tambayi maigida. Ka kuma sani sashe na 241 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai ba ka damar ɗaukaka ƙara a kan hukuncin da ka yarda da shi ba sai da izinin kotu. Saboda haka ka nemi a karanta maka da harshen da kake ji, in da hali lauya ya duba kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Raunin cibiyar na farko, in kai ka kai kanka, ɗaya ɓangaren yana iya ƙin zuwa, kuma ba za a kamo shi ba. Mai taurin bashi yakan yi amfani da ɗage zama don ya ja lokaci. Doka kuwa ta sa wa'adin shigar da ƙara, wasu ƙararrakin da ake kai jami'an gwamnati wata 3 kacal ne, don haka ka tambayi lauya inda wa'adinka ya tsaya tun kafin zaman farko.

Rauni na biyu ya fi damuna, kuma mu muke shigo da shi daga gida. Gwauruwa ta zauna fuska da fuska da yayan mijinta wanda dattijo ne a ikkilisiya, a ce mata, “Mama, ki yi haƙuri, ke mai bi ce, ki bar wa Allah.” Sai ta sa hannu ta sallama gidan marayu. Gafara aikin zuciya ce, ba ta soke haƙƙi. Zakka, mai karɓar harajin nan na Luka 19, da ya tuba cewa ya yi zai mayar ninki huɗu ga wanda ya zalunta, Ishaya 1:17 kuma umarni ya bayar a tsaya wa maraya da gwauruwa. Mai sasanci ba lauyanki ba ne, aikinsa ya tsaya tsakiya, ba zai ce miki kin yi arha ba. Ki je da wanda zai faɗa miki hakan, kuma kina da ikon tashi ki ce ba ki yarda ba a kowane mataki kafin sa hannu. Bulus ɗin da ya rubuta wa Korantiyawa shi ne ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar a Ayyukan Manzanni 25:11 da ya ga za a cuce shi.

Akwai abubuwan da ba na wannan ɗakin ba ne sam. Fyaɗe, kisa da cin zarafin yara laifuffuka ne na hukuma, duk faston da ya ce a rufe su da sulhu ya yi kuskure babba. Auren rajista Babbar Kotu kaɗai take raba shi a ƙarƙashin Dokar Al'amuran Aure ta 1970, abin da za ku iya daidaitawa a sasanci shi ne ciyarwa, riƙon yara da dukiya, su ma sai kotu ta duba. Gado kuwa, ko kun shirya kan rabo, banki ba zai saki kuɗin mamaci ba sai da takardar izinin kula da dukiya daga sashen gado na Babbar Kotu, kuma sunan magajin da mamaci ya rubuta a takardar banki ba ya mayar da mutum mai gado. Fili mai takardar mallaka ta gwamnati shi ma sauya hannunsa yana buƙatar amincewar gwamna bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978.

Inda na fi yaba wa cibiyar shi ne rigima tsakanin Kirista da Musulmi, abin da yake faruwa kullum a Kantin Kwari, Singa da Ƙofar Ruwa. Ɗaya yana ɗari-ɗari da Kotun Shari'a ko ofishin Hisba, ɗayan ba zai zauna gaban dattawan coci ba, dukansu kuma sun san shari'a mace ce da ciki. Wannan ɗaki na gwamnati ne, ba na masallaci ko majami'a ba, kuma kowannensu addininsa ya riga ya koya masa darajar sulhu. Da yardar ɓangarorin biyu, fasto da liman suna iya rako mutanensu.

Shawarata ga dattawa: ku ci gaba da zamanku na farko yadda kuka saba, amma in kuɗin ya kai wanda asararsa za ta karya gida, ku rako su cibiyar a mayar da abin da kuka daidaita hukuncin kotu, da adadi da ranar biya a rubuce.