Akwatin oda ko tsintar kasuwa: amsa ga ƙanena na Marwa

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, na bari sai da na natsu. Ka ce kawunka ya kawo maka kwalin ƙaramin jirgin sama na roba daga Yawunde, mai ma'aunin 1:72, kuma kana da burin nan gaba ka riƙa fitar da ƙananan gine-gine da kwali, abin da masu Faransanci ke kira maket. Yanzu kana tsaka mai wuya: ka yi odar akwatin kayan aikin nan da ake haɗawa wuri guda, ko kuwa ka shiga kasuwa ka tsinto su ɗaya bayan ɗaya. Na bi hanyoyin nan biyu a nan Garwa, arewacin Kamaru, don haka bari in jera maka su kusa da juna, abu bayan abu.

Kafin komai, ka riƙe abin da 1:72 ke nufi, domin shi zai nuna maka irin kayan da hannunka ke buƙata. Duk santimita 72 na jirgin gaske ya dawo santimita ɗaya a teburinka. Matuƙin jirgin, mutum mai tsayin mita 1.75, bai kai santimita biyu da rabi ba. Ka ga ke nan aikin ba na ƙarfi ba ne. Aikin kaifi ne da tsabtar yanka.

Akwatin oda yakan zo da ɗan abin datsewa, wuƙa mai riƙo kamar alƙalami, hantsaki biyu ko uku, ƙananan magagarai, tabarmar yanka, wani lokaci har da sukundireba. In ka buɗe shi yana da ban sha'awa, ba na musu. Amma wanda na saya, abu uku kawai na ci gaba da taɓawa a cikinsa, sauran suna nan sun yi tsatsa tun daminar farko. Kuma babu gam a ciki, alhali shi ne abin da ya fi wuyar samu a wajenmu.

Mu fara da abin datsewa. Sassan jirginka suna maƙale a jikin wani firam na roba, kuma babban kuskuren mai farawa shi ne ya murɗe su da hannu, robar ta yage ta bar rami. Abin datsewar da aka yi don wannan aiki gefe guda na bakinsa a shafe yake, shi ya sa yake yanka daf da jiki. Na cikin akwati mai araha yakan matse robar maimakon ya yanka, sai ka ga wurin ya yi fari. A kasuwa kuwa, je ka wurin masu sayar wa masu gyaran waya da rediyo kaya, ka nemi ƙaramar filayar da suke datse ƙafafun kayan lantarki da ita. Siffarsu ɗaya, kuma za ka riƙe ta a hannu ka ɗaga ta ga haske ka ga ko bakin yana haɗuwa kafin ka biya. In ma ba ka samu ba, sabon abin yanke farce zai fitar da kai a jirgin farko. Ko da wanne ka yi aiki, kada ka datse daf da sashen tashi ɗaya. Bar ɗan tsini, ka share shi da wuƙa daga baya. A nan kasuwa ta yi nasara.

Wuƙa ita ce uwar kayan. Ta akwati tana ɗaukar bakin da ake kira lamba 11, mai tsini kamar kan mashi. Riƙonta yana da daɗi, amma bakunan da ke zuwa da ita kaɗan ne, in sun ƙare sai ka sake jiran oda. Gefe guda kuma, a farmasi ko shagon kayan asibiti akwai bakin wuƙar tiyata, shi ma lamba 11, yana hawa mariƙi mai lamba 3. Ya fi na akwatin kaifi, kowane ɗaya a naɗe a takardarsa, sai dai ya fi sirantaka, in ka banƙara shi gefe zai karye, gutsuren kuma yana iya tashi zuwa ido. Don haka shi na shara ne da gyaran baki, ba na tono ba. Ga kwali mai kauri, nemi wuƙar nan mai zamewa da ake karya bakinta gaɓa-gaɓa, wadda ake samu a shagon littattafai.

Na san za ka ce reza fa, tunda da ita muka taso muna feƙe karan dawa muna yin motar kara, ɓawo ya zama ƙusa, totuwa ta zama taya. Wannan horon ba banza ba ne, duk yaron da ya iya fitar da ƙofar motar kara ta buɗe ta rufe ya riga ya san rabin aikin nan. Amma reza baki biyu gare ta, tana lanƙwasa, kuma roba ta fi kara tauri. In dole ce, naɗe baki ɗaya da salatif sau da yawa. Ko wace wuƙa ce a hannunka, ka riƙa yanka kana nesanta ta da yatsunka, kuma ka sauya baki da zarar ta fara jan kwali tana tattare shi. Dakusasshiyar wuƙa ita ke sa ka danna da ƙarfi har ta zame.

Tabarmar yanka kuwa, a nan akwati ya fi. Koriyar tabarmar nan tana haɗe tsagar da wuƙa ta yi mata, ba ta cin baki, ga layukan awo a jikinta. Gilashi ko tayil suna kashe bakin wuƙa nan take, katako kuma yana jan wuƙa ta bi jijiyarsa. Abin da ya fi kusa da ita a gida shi ne kwali mai kauri da za ka riƙa sauyawa, ko guntun ledar ɗaki mai kauri. Za su yi, amma ba su kai ta ba. Rula kam sai ta ƙarfe, ta santimita 30. Ta robar 'yan makaranta wuƙa za ta feƙe gefenta, layinka ya karkace. Ranar da ka koma gine-gine za ka gode mata, domin a ma'aunin 1:100 ƙofa mai mita biyu santimita biyu ce cif, kuskuren milimita ɗaya kuma santimita goma ne a ginin gaske.

Magagaran akwati sun yi wa roba kaushi, suna barin zane. Abin da kake so sanfefa ce ta masu gyaran jikin mota, baƙar nan da ake jiƙawa da ruwa: lamba 400 don rage tudu, 600 don daidaitawa, 1000 don sulɓi. Yanka ta ƙanana, ka manna a jikin tsinken askirim ko guntun katako a shafe. Abin goge farce na mata shi ma yana aiki. Hantsaki kuma ɗaya ya isa, mai tsini, daga wurin masu gyaran waya.

Yanzu ga inda nake so ka ba ni hankalinka, wato gam. Robar jirginka sunanta folistirin, kuma gam ɗin da aka yi mata ba manne yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama abu ɗaya. Akwai na Tamiya, kamfanin Japan, mai ruwa-ruwa a kwalba mai murabba'i da koren murfi, buroshinsa a jikin murfin. Haɗa sassan za ka yi tukuna, ka taɓa bakin haɗin da buroshi, ruwan ya bi tsagar da kansa. Akwai kuma Contacta na kamfanin Revell, mai siririn bututu kamar allura. Wannan shi ne abu guda da ban ga madadinsa na gaskiya a kasuwanninmu ba, kuma da yake yana kama wuta, masu aiko da kaya ta jirgin sama sukan ƙi ɗaukarsa. Gara ka sa wani mai zuwa Duwala ko Yawunde ya duba maka, ya taho da shi ta ƙasa.

Abin da kasuwa za ta miƙo maka shi ne sufa gulu. Yana kamawa, amma ba ya ba ka lokacin gyara in fiffike ya karkace, kuma tururinsa yana sa farin hazo a kan roba mai gani-har-hanji. Haka na rasa gilashin matuƙin jirgina na farko, ya yi fari fat, bai ƙara washewa ba, abin ya daɗe yana yi mini ciwo domin na kwashe makonni a kan jirgin. Gilashi farin gam ɗin kafintoci yake so, wanda ke bushewa ya zama garau, kuma shi ne dai gam ɗin kwali da katako da kara. Amfanin sufa gulu yana wurin haɗa ƙarfe da roba, da cike rami: zuba ɗan garin bikarbonat, wato bekin soda, ɗiga masa digo ɗaya, ya daskare, ka goge da sanfefa nan da nan kafin ya yi tauri sosai. Sayi ƙaramin bututu, domin zafinmu ba ya barin wanda aka buɗe ya daɗe. Gam ɗin masu haɗa bututun famfo ya yi wa siririyar roba ƙarfi, zai lotsa ta. Na masu gyaran takalmi kuma yana jan zare, yana cinye farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, in har ka yi niyyar yin tudu ko bango da shi.

Fenti ma akwati ba ya zuwa da shi. Iri biyu ne a gabanka: na ruwa, wato akirilik, da na mai irin ƙananan gwangwanayen Humbrol. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Marwa da Garwa ke haura digiri 40, na ruwa yana bushewa a kan buroshi tun kafin ka kai ƙarshen fiffike. Maganinsa ka sirka shi, ka shafa siriri sau biyu ko uku, kuma ka yi aikin bayan sallar asuba ko da dare. Na mai yana kwanciya sumul, amma yakan kwana bai bushe ba, a lokacin hunturu kuma wannan daren ya isa ƙura ta zauna masa. Kife kwanon roba mai tsabta a kan aikin da zarar ka ajiye buroshi. Ni na ruwa nake ba mai farawa shawara, saboda ba shi da wari mai hawa kai, ruwa kuma ke wanke shi. Buroshi biyu sun isa, siriri ɗaya da mai faɗi ɗaya. In ka ga fentin feshi na gwangwani ya ba ka sha'awa, gwada shi a jikin ragowar firam tukuna, wasu suna ƙona roba.

Injin feshi da ƙaramin injin huda, manta da su a bana. Suna son kuɗi, suna son wuta tsayayya, allura da ka dasa a guntun kara kuwa za ta huda maka duk ramin da jirgin farko ke buƙata.

To ga yadda zan yi da a ce ni ne kai. Filaya da hantsaki daga masu kayan gyaran waya, bakin wuƙa da mariƙi daga farmasi, sanfefa daga masu kayan fentin mota, rular ƙarfe da farin gam daga shagon littattafai ko na kayan gini. Kuɗin da ka so zubawa a akwati, karkatar da shi ga gam ɗin roba na asali da tabarmar yanka, su biyun nan kaɗai za ka jira daga kudu. Kafin su iso, kada ka taɓa jirgin. Auna ɗakin da kake kwana, ka fitar da shi da kwali a ma'aunin 1:50, inda bango mai mita huɗu zai zama santimita takwas, har da ƙofa da taga. In ka gama ka turo mini hotonsa ta kusurwoyi huɗu, ina so in ga yadda bangayen suka haɗu.