Wata tara ɗana yana zuwa makarantar kiɗa ta ranar Asabar a Amakom

Tun yana ɗan shekara shida autana yake kiɗa a kan duk abin da hannunsa ya kai: bokitin wanka, murfin tukunya, bencin shagona na atamfa a Kejetia. Yanzu shekararsa 12, kuma wata tara ke nan da na sa shi a wata makarantar kiɗa ta yara da ke saman bene a Amakom, nan cikin Kumasi ta Ghana, wadda ba ta buɗewa sai ranar Asabar. Matan unguwarmu a Aboabo sun yi ta tare ni da tambaya, wata a gidan suna, wata a cikin motar haya ta trotro. Nawa ake biya? Me ake koya musu? Ba za a janye yaron zuwa coci ba? Na ga gara in rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta yanke wa kanta.

Kafin maganar kuɗi sai da na tsallake surukina. Ranar da maigida ya kai masa zancen, aka kira ni, na durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya ce, "Yarinya, mu gidan malamai ne da fatake. Goro ne ya kawo kakanmu Salaga, daga can aka gangaro Kumasi. Ba da kalangu a hammata ya zo ba." Na fahimci abin da yake tsoro. A wurinmu kiɗa gadon gida ne, kuma wanda ba ɗan gidan makaɗa ba in ya ɗauki ganga, mutane roƙo suke gani. Na ce, "Baba, yaron nan ko mun hana shi kiɗa zai yi. Gara ya yi a gaban malami da tsakar rana, da ya bi masu manyan sifikoki gidan biki da daddare." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya gindaya sharaɗi uku: kada ya rasa makarantar Islamiyya, kada salla ta wuce shi, kada sakamakon boko ya sauka. Da wannan muka fara.

Wurin kansa ba wani abin kallo ba ne. Ɗaki biyu ne da baranda. Akwai kibod biyar, ɗaya tun da muka je ban ga an kunna shi ba. Akwai ganguna na gargajiya jere a jikin bango, da kwando cike da sarewar gora da ake kira atenteben. Yara sun kai talatin, 'yan Zango a cikinsu huɗu ne. Malamai biyu: wani dattijo da ya yi karatun kiɗa a Winneba, ya koyar a makarantun gwamnati har ya yi ritaya, da wata matashiya mai koyar da murya da kibod. Ana farawa ƙarfe biyu, a tashi biyar, don haka yaro yana gama Islamiyyar safe, ya yi azahar, ya ci abinci, ya kama hanya. Ina biyan sidi 450 a zangon mako 12, kuma sun yarda in raba biyu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Sarewa na saya masa tasa sidi 40, domin ban so yara suna karɓa-karɓa da baki a kan abu ɗaya.

Dattijon nan shi ne makarantar. Ranar farko ɗana ya nufi babbar ganga kai tsaye, malam ya riƙe masa hannu, ya miƙa masa ƙaramar ƙararrawar ƙarfe da Asantawa suke kira dawuro, da ɗan sanda. Ya ce ya buga salo ɗaya, kada ya ƙara, kada ya rage, duk abin da sauran suke yi. Mako uku yaron yana kan wannan ƙarfen. Ya dawo gida ransa a ɓace, ya ce, "Mama, kuɗinki kawai suke ci." Asabar ta uku na rufe shago da wuri na je na zauna a baranda don in gani da idona. Yara shida suna kiɗan adowa na Asantawa, kowace ganga da inda ta nufa, ɗana a tsakiya yana ta ken-ken-keken, gumi na zuba ta bayan kunnensa. Can sai ya ɗan yi gaggawa, ko ƙiftawar ido bai kai ba, kiɗan duka ya watse. Malam bai yi faɗa ba. Ya juyo ya ce mini, "Maame, kin gani? Shi ne yake riƙe da su duka." Daga ranar yaron bai sake cewa komai a kan ƙarfen ba.

Bayan haka aka shiga karatu. Sun fara da do-re-mi, yadda ake koya wa 'yan ƙungiyar waƙa a ko'ina a Ghana, sannan aka koma rubutun kiɗa na layi biyar. Yau in ka ba shi takarda mai ɗige-ɗigen nan, zai duba ya busa abin da bai taɓa ji ba. Ni wannan ne ya fi burge ni, domin karatu ne sosai, akwai lissafi a ciki, akwai haƙuri. A bakin ɗana na fara jin sunan Ephraim Amu, wanda ya rayu daga 1899 zuwa 1995, mutumin da ya gyara atenteben har ta shiga aji, kuma ya yi wa'azi sanye da zanen gargajiya lokacin da coci ba ta yarda da haka ba. Na ji na Farfesa Kwabena Nketia, ɗan Mampong nan kusa da mu, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin kiɗan Afirka a Jami'ar Ghana da ke Legon har ya rasu a 2019. Hotunansu biyu suna manne a jikin allo, tare da na Koo Nimo rungume da jita. Malam yana so yara su san cewa masu ilimi sun yi wannan aiki kafin su.

Sai maganar coci, wadda ita ce a ran kowace uwa a Zango. Gaskiya ne, littafin da suka fara da shi yawancin darussansa waƙoƙin coci ne, domin su ne a rubuce, kuma su yawancin yaran suka sani. Da na ga haka ban yi shiru ba. Na same shi bayan an tashi na ce, "Malam, mu Musulmi ne, kakan yaron nan da ƙyar ya yarda." Bai ja da ni ba ko kaɗan. Ya ce in rera masa wata waƙa da muke yi muna yara. Na ji nauyi, amma na rera masa wata waƙar gaɗa da kakata ta koya mini. Ya sa na maimaita sau uku yana rubutu da fensir. Mako na gaba ga ta a takarda, yaran Asante da Ewe suna busa waƙar kakata a sarewa. Na tsaya a matakala ina ji, sai da na share ido kafin in shiga. Tun daga nan yaranmu huɗu suna atisaye da taken ƙasa, da waƙoƙin gargajiya, da irin waɗannan. Ba a taɓa sa su addu'ar da ba tasu ba. Da la'asar ta yi, matashiyar malamar ce ma take tuna musu, su shimfiɗa tabarma a baranda.

Akwai kuma ranar da ya ɗauko gangar hammata da suke kira donno, ya ce wa ɗana, "Wannan taku ce, daga arewa ta zo mana. Me kuke ce mata?" Ya ce kalangu. Malam ya sa shi ya faɗi "sannu da zuwa" a hankali, ya matse tsarkiyar ya sassauta, har gangar ta faɗi kalmar. Ya bayyana musu cewa Hausa da Twi duka harsuna ne masu hawa da saukar murya, shi ya sa ganga take iya magana da su, kamar yadda gangar atumpan take yi wa Otumfuo, sarkin Asante, kirari a fadarsa ta Manhyia ranar bikin Akwasidae. Amma ya faɗa mini gaskiya, ya ce iyakar saninsa da kalangu ke nan, kirarin Hausa sai masu shi.

Abubuwan da ban ji daɗinsu ba suna nan. Yara uku ne a kan kibod ɗaya, kowa bai fi minti 15 yake samu ba, kuma in aka ɗauke wuta wannan ɓangaren ya tsaya ke nan, babu janareta. Banɗaki ɗaya ne maza da mata, abin da ya sa wata ƙawata ta fasa kawo 'yarta, kuma ban ga laifinta ba. Sanarwa ba ta zuwa da wuri: saura kwana huɗu wasan ƙarshen zango aka turo saƙo a WhatsApp cewa kowane yaro ya kawo sidi 120 na ɗinkin kaya. Wasan zango na biyu kuwa cikin azumi aka sa shi da rana tsaka, ba wanda ya tuna da mu sai da na yi magana, aka ɗaga zuwa bayan salla. Ba mugunta ba ce, ba su saba da mu ba ne kawai. Duk da haka ya kamata mai karɓar kuɗin mutane ya duba kalandarsu.

Abin da ya fi damuna ya wuce wannan makaranta. Yaron da ke zaune kusa da ɗana a aji, tare suka fara, amma yanzu ya yi masa nisa a kibod. Ba don ya fi shi kai ba. Shi kowace Lahadi yana kaɗawa a gaban mutum ɗari a cocinsu, ranar Laraba akwai atisaye, in an yi jana'iza ranar Asabar ƙungiyar masu busa ƙaho ta tafi da shi. A ƙasar nan coci ce take rainon makaɗa, daga nan mafi yawan masu kibod da ganga suke fitowa. Ɗan Zango ba shi da wannan ƙofar. Nawa sai ya jira wata uku kafin ya tsaya gaban jama'a na minti biyar. A makarantarsa ta gwamnati kiɗa yana cikin darasin fasaha, amma a allo yake ƙarewa, ko sarewa ɗaya babu. Ganguna biyu da suke da su sai faretin 6 ga Maris, ranar samun 'yancin Ghana, ake fito da su, a mayar sito. Ana iya ɗaukar kiɗa a jarrabawar WASSCE, amma yaron da bai taɓa wasa a gaban mutane ba, da wane ƙarfin zuciya zai zaɓe shi?

Kuma ba wai Zango ba ta da kiɗa ba. Ranar salla in sarakunan Zango suka hau, akwai kalangu, akwai algaita, akwai gangunan Dagomba, unguwa ta cika maƙil. A maulidi yara suna rera ƙasidu da murya mai sanyaya zuciya. Sai dai ku duba hannuwan da suke riƙe da kalangun nan, yawancinsu sun yi furfura. A bikin aure yanzu sifika ake haya da yaro mai kwamfuta. Tsoffin suna tafiya da abin da suka sani, yaranmu kuma suna biyan kuɗi a Amakom don su koyi rabin abin da ke bayan gidansu.

Wasan da aka yi bayan salla a wani ɗakin taro da suka yi haya, an makara da kusan awa biyu, fanka ɗaya ce take juyawa. Amma da yaran suka fito na manta da zafin. Ɗana ya busa sarewa shi kaɗai, hannunsa na rawa a layin farko, daga baya ya nutsu. Daga nan ya koma kan ƙararrawarsa a kiɗan adowa, bai kauce ko sau ɗaya ba. Na ƙirga 'yan Zango a ɗakin: ni, da mahaifinsa, da iyayen sauran ukun. A taron iyaye na roƙi malam abu ɗaya, cewa wasa na gaba a kawo shi Aboabo ko Asawase, a fili, bayan la'asar, inda mutanenmu za su gani ba sai sun shiga mota ba. Na ce kujeru da rumfa mu mata za mu haɗa. Ya ce in mun samo wuri da izinin mai unguwa, zai kawo yaran da gangunan. Ya kuma ce yana so ya kai su Cultural Centre da ke kusa da Bantama su ga manyan masu kaɗawa, in iyaye sun biya kuɗin mota.

Ga wadda take tambayata ko ta kai nata: in yaro yana da son abin, kuma za ki iya kuɗin ba tare da kin taɓa na makaranta ba, ki kai shi. Ki je da kanki ranar farko ki faɗa wa malam iyakarki, zai ji. Ki saya masa sarewarsa. In mace ce, ki duba banɗakin nan tukun. Ni na riga na biya rabin kuɗin zango na huɗu.

Surukina bai je wasan ba, ban kuma sa ran zai je ba. Mahaifin yaron ne ya nuna masa a waya da daddare. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a maimaita wurin sarewar, sannan ya tambayi sakamakon boko, aka kawo masa ya duba. Da safe ya aiko a kira ni. Ya ce akwai wani tsoho a Asawase da yake kaɗa wa sarki kalangu tun suna samari, tare suka yi makarantar allo, yanzu ido ya fara yi masa rauni kuma 'ya'yansa duk suna gyaran mota a Suame Magazine. Ya ce, "In dai yaron nan zai yi, to ya yi na gaske. Ki sa masa kaya masu kyau ranar Juma'a, ki ba shi goro ya riƙe. In an sauko daga masallaci zan kai shi ya gaishe shi."